Shekarar da Muka Yi wa Wenger Shari'a a Gubuchi

A ƙasar Makarfi rani lokacin kuɗi ne ga wanda ya noma rake. Da zarar hunturu ya kankama motoci ke shigowa lodi, masu mazarƙwaila na kwana a bakin wuta, samari kuma na samun na kashewa. Shi ya sa gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Gubuchi ya fi cika tsakanin Janairu da Maris. A daidai wannan tsakanin ne kuma, shekara da shekaru, Arsenal take zubar da duk abin da ta tara tun Agusta. Wato lokacin da muka fi yawa a ɗakin, shi ne lokacin da muka fi shan kunya. Amma ranin 2017 ya fita daban.

Gidan kallon rumfar kwano ce mai zafi, da bencina a jere, da talabijin biyu a gaba, da inji a baya yana ta ƙugi. A ƙofa akwai allon da ake rubuta wasannin ranar da alli. Tun da litar fetur ta koma naira 145 a watan Mayun 2016 mai gidan ya ƙara kuɗin shiga, muka yi gunaguni, muka ci gaba da biya. Kowa ya san wurin zamansa. 'Yan Chelsea, waɗanda suka yawaita tun zuwan Mikel Obi a 2006, su ne a hagu, a shekarar nan kuwa bakinsu ba ya rufuwa, don Antonio Conte ya ɗora su a saman teburi, ga Victor Moses yana tashe. 'Yan Manchester United suna tsakiya. Mu 'yan Arsenal muna dama, kuma ko ba a gaya maka ba za ka ga mun kasu biyu: dattawa a bencin baya kusa da ƙofa, samari a gaba.

Jagoran dattawan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Ya yi aikin masaƙa a Kakuri, Kaduna, kuma a can ya kamu da son Arsenal, ranar da Nwankwo Kanu ya zura wa Chelsea ƙwallo uku a cikin mintuna goma sha biyar na ƙarshe, a watan Oktoban 1999, bayan Chelsea ta riga ta ci Arsenal biyu. Daga baya masaƙar ta rufe, aka sallame su da alƙawarin haƙƙinsu, ya dawo gida ya kama gonar rake. Bai cika ba da wannan labari ba, amma duk wanda ya san shi ya san kalmar kora ba wasa ba ce a kunnensa. Hujjarsa a kan kocin Arsenal, Arsène Wenger, ɗaya ce, ba ya gajiya da ita. An yi wa Kanu aikin zuciya a Amurka a 1996, Inter Milan ta ajiye shi a benci, mutane suka ce tasa ta ƙare, sai wannan Bafaranshe ya saye shi a farkon 1999. Kafin nan shi ya kawo George Weah Monaco. Bayan nan ga Lauren, ga Kolo Touré, ga Eboué, ga Adebayor, a lokacin kuma ga Alex Iwobi. Kawu yakan ce, "Mutumin da ya riƙe 'ya'yanmu lokacin da wasu ke ƙyamarsu, ba da bakina za a kore shi ba."

Samarin kuwa bakinsu wani ɗan acaɓa ne, wanda aka haifa daidai shekarar da Wenger ya zo Arsenal, 1996. Lokacin da ƙungiyar ta kammala kakar 2003/2004 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, yana aji biyu ko uku a firamare. Labari ya ji. Abin da ya gani da idonsa shi ne 8-2 a Old Trafford a 2011, da 6-0 a gidan Chelsea a 2014, a wasan Wenger na dubu. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce Kawu bai durƙusa ba, amma in aka zo kan wannan magana ba ya ja da baya. "Baba, ku kun ci naku daɗin. Mu me muka ci? Kullum na huɗu, kullum a ce baɗi."

Wanda bai zauna a irin garinmu ba zai ɗauka gardamar ta kofi ce. Ta fi haka zafi. In aka ci Arsenal da daddare, da safe ba ka da wurin zama. Mai shayi zai tambaye ka ƙwai nawa za a soya maka, biyar? Yaran da ke tura baro za su ɗaga maka yatsu. Ɗan acaɓan nan kuwa a tasha yake yini, cikin 'yan Chelsea da 'yan Barcelona, ba shi da ofishin da zai shige ya rufe ƙofa. Bature a Landan in an ci shi ya hau jirgin ƙasa ya tafi gida. Mu da masu yi mana dariya masallaci ɗaya muke sallar Asuba.

Watford ta ci mu har gida a ƙarshen Janairu, Chelsea ta ƙara mana 3-1. Sai daren Laraba 15 ga Fabrairu, a gidan Bayern Munich. An take wasa tara saura kwata, ɗaki ya cika har ana leƙe ta taga. Robben ya fara ci da ƙafarsa ta hagu, irin cin da duniya ta san zai yi amma ba a iya hana shi. Alexis Sánchez ya rama bayan gola ya tare masa fenareti, aka tafi hutu ɗaya da ɗaya. Na tuna Kawu ya saya wa na kusa da shi gyaɗa. Ana dawowa Koscielny ya ji rauni ya fita, kuma cikin kamar minti goma aka zuba mana uku: Lewandowski ɗaya, Thiago biyu. Müller ya cike ta biyar. Ɗan acaɓan ya miƙe ya juyo bencin baya, bai ce komai ba, ya fita ya tayar da babur ɗinsa.

Washegari a teburin mai shayi ne aka buɗe shari'ar sosai. Wani manomi daga ɓangaren samarin ya kawo misalin da ya zauna a bakin mutane har ƙarshen kaka. Ya ce ko rake ne, in ka bar gyauro shekara bayan shekara, sirancewa yake yi, sai an tumɓuke an sa sabon iri. Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce, "To, ka tanadi irin? Ko sai ka tumɓuke sannan ka shiga nema?" Aka jero sunaye: Simeone, Allegri, Tuchel. Kawu ya ce a tambayi 'yan United. Ferguson ya tafi a 2013, an kawo Moyes an kore shi kafin kaka ta ƙare, an kawo Van Gaal an kore shi kwana biyu bayan ya ci Kofin FA, ga shi yanzu Mourinho na fama a mataki na shida. 'Yan United da suka zo kallon rigima suka ga ta juyo kansu, suka biya kuɗin shayi suka watse.

Mako guda bayan haka sai ga labarin da ya ba kowane ɓangare makami. Ranar Alhamis 23 ga Fabrairu Leicester City ta sallami Claudio Ranieri, wata tara bayan ya ɗauki kofin Firimiya da 'yan wasan da ba wanda ya san su. A lokacin duk gidan kallon rabin ɗan Leicester ne, saboda Ahmed Musa, wanda wasu cikinmu sun kalle shi da idonsu a Kano yana saye da rigar Pillars, ga kuma Wilfred Ndidi da ya iso a Janairu. Kawu ya ce butulci ke nan tsagwaronsa. Ranar Litinin Leicester ta doke Liverpool 3-1 a hannun mataimakinsa Craig Shakespeare, ta ci gaba da cin wasanni a jere, har ta fitar da Sevilla daga Kofin Zakarun Turai. Samari suka ce ga amsa nan, kora magani ce. Sai dai akwai abin da ya rage musu armashi. Tun da sabon koci ya karɓa, Ahmed Musa ya ɓace daga fili. Mukan biya kuɗi don mu gan shi, mu tashi ba mu ga ko ɗumin jikinsa a gefen layi ba. Ɗan acaɓan da kansa ya ce wannan kocin ba shi da adalci, Kawu ya yi murmushi ya bar shi da maganarsa.

Ranar 7 ga Maris Bayern ta zo Landan. Walcott ya ci, muka fara lissafin da mai hankali bai kamata ya yi ba. Aka ba Koscielny jan kati, aka buga fenareti, daga nan sai ruwan ƙwallaye. Biyar da ɗaya kuma, jimilla 10-2, shekara ta bakwai a jere ana fitar da mu a zagayen 'yan goma sha shida. A daren ne wani tela ɗan Chelsea, wanda bakinsa ya fi allurarsa kaifi, ya yi wasan da ya kusa jawo dambe. A lokacin Shugaba Buhari yana jinya a Landan tun watan Janairu, Osinbajo na riƙon ƙwarya. Telan ya ce, "Ku dai tsofaffi biyu gare ku a Landan, kowanne an ce a yi haƙuri da shi." Ɗaki ya yi tsit. A yankinmu a wancan lokaci ba a wannan wasa. Har waɗanda ke neman a kori Wenger suka taso masa, sai da mai gidan ya kashe talabijin ya ce daga ranar ba siyasa a rumfarsa. Ranar Juma'a Buhari ya sauka a Kaduna, don an rufe filin jirgin Abuja ana gyara, telan kuma bai leƙo gidan kallo ba sai da ƙura ta lafa.

Mu kan ɗauka mu kaɗai ne a rabe, sai wasan West Brom na 18 ga Maris, da rana tsaka. Kyamara ta ɗaga sama, ga ƙaramin jirgi yana jan ƙyalle cewa kada a sabunta wa Wenger kwantiragi. Can an jima ga wani jirgin da nasa ƙyallen yana goyon bayansa. Dariyar da aka yi a ɗakin ta fi ta kowace rana, har da mu. Wani ya ce su can jirgin sama suke haya don su yi gardamar da muke yi kyauta a kan benci. An ci mu 3-1, biyu da ka daga bugun kwana, kuma wanda ya ci ɗayar sunansa Robson-Kanu. Ba sai na faɗi abin da aka yi wa Kawu da wannan suna ba.

Akwai wani malamin sakandare da yake zuwa daga Ikara ƙarshen mako, shi ne ya fi kowa sanin lissafin kuɗin. Ya ce muna ta gardama a kan a kore shi ko a bar shi, ba mu tambayi wa zai kore shi ba. Arsenal ta bar Highbury a 2006 ta koma filin Emirates mai ɗaukar mutum 60,000, wanda ya ci kusan fam miliyan 390, akasari bashi. Don a biya, aka riƙa sayar da manyan 'yan wasa: Henry a 2007, Adebayor da Touré a 2009, Fàbregas da Nasri a 2011, Van Persie a 2012, shi kuwa har wa United aka sayar da shi ya ɗauko musu kofi. Duk da haka har zuwa lokacin Wenger bai taɓa faɗowa ƙasa da na huɗu ba, kuɗin Kofin Zakarun Turai na shigowa kowace shekara. Mai mafi yawan hannun jari a lokacin, Ba'amurke Stan Kroenke, me zai sa ya kori mai kawo masa wannan? Abin da muke kira kunya, a littafinsa riba ce.

Kawu ya ji daɗin rabin farko na wannan bayani. Ni kuwa rabin da malamin ya ƙara shi ya fi kama ni, kuma har yau a nan nake. Uzurin bashi ya ƙare tun 2013, ranar da aka sayo Özil kan fam miliyan 42. An sayo Sánchez a 2014, an sayo Xhaka da Mustafi a 2016 da kuɗi masu kauri. A kakar 2015/2016 Chelsea ta rushe, United da City na tangal-tangal, kofin yana ajiye a tsakar gida, Leicester ta zo ta ɗauke da Vardy da Mahrez, waɗanda kuɗinsu duka bai kai na ɗan benci ɗaya a Arsenal ba. Kuma ciwon iri ɗaya ne kullum: a ci mu ɗaya, sai gwiwa ta sage, kafin ka ankara an yi uku. Kocin da ya ga wannan shekara bakwai bai magance ba, ba zai magance a ta takwas ba. Ina ganin yaron yana da gaskiya a kan ƙwallo. Abin da ban iya ba shi ne furta kalmar a gaban Kawu. Nakan ce ya kamata ya sauka da kansa, su duka biyun kuma su ce na zama ɗan ba-ruwana.

A cikin Afrilu ne muka ga yadda abin yake in koci yana kusa da hannun 'yan kallo. Kano Pillars, wadda ta ci gasar Najeriya a 2012 da 2013 da 2014, tuni ta dawo da koci Kadiri Ikhana, mutumin da ya ɗauko mata kofin farko a 2008, wanda kuma ya ci kofin Afirka da Enyimba a 2003. Akwa United ta zo filin Sani Abacha ta ci su ɗaya da nema, 'yan kallo suka hargitsa wuri. Wasu samarinmu da suka je Kano kallo sun dawo da labarin gudun da suka sha. Kafin watan ya fita Ikhana ya bar aiki, aka miƙa wa Ibrahim Musa. Ba jirgi, ba ƙyalle, ba wata shekara bakwai. Kawu ya ce wa samarin, "Irin wannan kuke so?" Suka ce a'a, amma aƙalla can in ka yi kuka ana ji. A raina na ce gara namu ihun da ba ya wuce rumfar kwano. Pillars ta ci kofin Aiteo a Kaduna a 2019 a hannun Ibrahim Musa, amma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu, kuma cikin makin da aka zaftare mata har da na rikicin 'yan kallo.

Ranar Litinin 10 ga Afrilu Crystal Palace ta ba mu 3-0. A daren ɗan acaɓan ya tsaya a bakin ƙofa ya yi alwashi a gaban jama'a: ranar da Wenger ya bar Arsenal, duk wanda ya hau babur ɗinsa a Gubuchi kyauta ne. Aka ce an ji, an shaida.

Sai tsoho Wenger ya yi abin da ya saba, ya farfaɗo lokacin da aka gama haƙa masa kabari. Ya koma wasa da 'yan baya uku, ya fitar da Manchester City a kusa da ƙarshe na Kofin FA. A gasar Firimiya dai bai tsira ba: maki 75, mataki na biyar, Tottenham a samanmu karo na farko tun 1995, ba Kofin Zakarun Turai karo na farko cikin shekara ashirin. Saura wasan ƙarshe da Chelsea a Wembley, Asabar 27 ga Mayu, wadda ta zo daidai da ranar farko ta azumi.

Ban taɓa ganin kallon ƙwallo irin na ranar ba. An take biyar da rabi na yamma, bakin kowa a bushe, ba mai ƙarfin zagi. Sánchez ya ci tun minti na huɗu, muka yi murna a zaune. Mertesacker, wanda bai fara wasa ko ɗaya ba duk kakar, ya tsare Diego Costa kamar ba shi ne ake cewa ya tsufa ba. Ana cikin zagaye na biyu aka kira Magariba. Mai gidan ya rage murya, aka fito da dabino da ruwan leda da ƙosai, akasarinmu muka tsallaka masallaci. Muna sahu muka ji ihu daga rumfar, na yaran da suka maƙale. Liman bai yi sauri ba, kuma ba na jin akwai wanda ya san surar da ya karanta. Muna sallamewa aka tarye mu da labari: an ba Moses jan kati don ya faɗi da gangan a cikin da'ira. Muna shiga Costa ya rama. Kafin 'yan Chelsea su gama tsalle, Giroud ya ɗago ƙwallo Ramsey ya sa kai. Biyu da ɗaya. Kofin FA na bakwai ga Wenger, ba kocin da ya taɓa yin haka. Na ga ɗan acaɓan ya rungume Kawu, hularsa ta faɗi. Da suka saki juna ya ce, "Baba, to yanzu ya tafi da mutuncinsa." Kawu ya ce, "Mai kofi a hannu ina za shi?"

Kwana huɗu bayan haka aka ba Wenger sabon kwantiragin shekara biyu. A watan Agusta Aliko Dangote, wanda ya daɗe yana cewa zai sayi Arsenal in ya gama matatar mansa, ya faɗa a wata hira cewa abin da zai fara canzawa shi ne koci. Samari suka riƙa yawo da labarin a waya kamar sakamakon zaɓe. Kawu ya ce Alhaji ya gama matatar tukuna.

Kakar da ta biyo ba ta da abin tunawa. Tunda ba ma cikin Kofin Zakarun Turai, mun koma kallon daren Alhamis, mai gidan yana ƙorafin ba ya mayar da kuɗin mai. Sánchez ya tafi United a Janairu. City ta ci mu 3-0 a wasan ƙarshe na Kofin Lig, ta sake ci mu 3-0 bayan kwana huɗu, kyamara na nuna kujeru ba kowa. Gardamar ma ta mutu, don ba wanda ya rage da sabuwar hujja.

Ranar Juma'a 20 ga Afrilun 2018, da hantsi, labari ya shigo wayoyi cewa Wenger zai sauka a ƙarshen kaka, bayan kusan shekara 22. Ba a ce kora ba ce, ba a kuma ce ba ita ba ce, saura shekara guda a kwantiraginsa. Kafin a ce me, masu shaida sun taru a tasha. Yaron bai musa ba. Ya ɗaura tsohuwar jar rigarsa a madubi, ya kwashi mata masu zuwa niƙa, da almajirai, da telan nan ɗan Chelsea wanda ba inda za shi amma ya ce a kai shi bakin gari a dawo da shi. Wajen ƙarfe ɗaya ya hango Kawu ya fito da dardumarsa zai tafi masallacin Juma'a, ya sha gabansa ya ce, "Baba, hau in kai ka, yau kyauta ne." Kawu ya dube shi, ya zaro naira hamsin ya ce in zai karɓa zai hau. Yaron ya ce alwashi ya yi. Kawu ya mayar da kuɗinsa aljihu ya tafi da ƙafa, shi kuma man babur ɗin bai kai shi La'asar ba.